Filin Tambaya da Amsa: Waifai Cike, Intanet Babu

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga intanet ɗin gida, musamman daga waɗanda suka gaji da sayen data a kowace waya suka koma ga rauta. Ga waɗanda muka zaɓa, tare da amsoshin masu aikin haɗa na'urorin sadarwa da ke taya mu a wannan fili. Mun rage tsawon wasu tambayoyin saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da rauta mai ɗaukar sim a gida. Wani lokaci alamar waifai a wayata cike take fal, amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya. Rautar ce ta lalace ko wayar? Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya a ce ɗaya daga cikinsu ta lalace. Saƙonki zango biyu yake yi kafin ya bar unguwa. Zangon farko daga wayarki zuwa rauta, shi ne waifai, kuma iyakarsa 'yan mitoci ne a cikin gida. Na biyu daga rauta zuwa turken kamfanin da ya ba ki sim, daga can ya bi wayoyin faiba da ke binne a ƙasa, sau da yawa har Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa tudu. Alamar da ke saman wayarki labarin zangon farko kaɗai take ba ki. Ko zare sim ɗin kika yi kika ajiye a kan tebur, alamar za ta ci gaba da nuna cike.

Akwatin nan da ake ce wa rauta a dunƙule, aiki uku yake yi. Akwai modem a ciki mai magana da turke. Akwai sashen da ke ba kowace waya da kwamfuta lambar adireshinta, ya kuma tabbatar amsar da ta dawo daga waje ta je wa wanda ya nema. Sai rediyon waifai. A gidajen da aka ja wa faiba, wani lokaci modem ɗin akwati ne daban da kamfani ke kafawa a bango.

Idan abin ya sake faruwa, ki fara tambayar sauran mutanen gida. In wayarki ce kaɗai ta tsaya, ki shiga setin waifai ki sa ta manta da wannan layin, sannan ki sake shigar da kalmar sirri. In kowa ne ya tsaya, dubi fitilar sigina a jikin rautar. A yawancinsu ja na nufin ba ta samu turke ba. In fitilar lafiya take, to duba data, don ita ce ta fi yawan jawo wannan: ko ta ƙare, ko wa'adinta ya cika alhali da saura. A layukan Najeriya *323# ke nuna abin da ya rage. Bayan haka ki cire rautar daga wuta, ki ƙirga daƙiƙa 30, ki mayar, ki ba ta minti biyu ta nemo turke.

Mai kwamfuta zai iya gano inda aka yanke da umarnin ping, wanda ke tura ɗan saƙon gwaji zuwa wani adireshi ya jira amsa, sau uku. Ya fara da adireshin rautar, wanda ke rubuce a sitikar da ke ƙarƙashinta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei. In bai samu amsa ba, matsalar cikin gida take. In ya samu, sai ya gwada 8.8.8.8, wani adireshin Google a intanet, rashin amsa a nan na nufin zango na biyu ne ya yanke. In wannan ma ta amsa amma google.com ta ƙi, to DNS ne, wato sashen da ke mayar da sunan shafi zuwa lamba, kuma sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a gurbin DNS ɗin rautar na warware shi.

Wani lokaci kuma babu abin da za ki iya yi daga falo. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, sun lalace a gabar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta jan ƙafa na kwanaki a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, alhali rautocin mutane lafiya ƙalau. Abin da muke hana mutane shi ne cusa allura a ɗan ramin nan na Reset don haushi. Zai goge sunan waifai da kalmar sirri da duk setin da aka yi, kuma ba zai dawo da data ba.

Tambaya: An ce mini gudun intanet ɗina 20 ne, amma idan ina sauke fayil ban taɓa ganin ya wuce 2.5 ba. Da daddare kuma sai a hankali. Ba cutata ake yi ba? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Amsa: Malam, a kan na farko ba a cuce ka ba, ma'auni biyu ne. Kamfanoni da megabit suke auna gudu, shi ne Mbps. Manhajar da ke sauke fayil kuma da megabait take ƙirga. Bit takwas ke yin bait ɗaya, don haka ka raba 20 gida takwas, ka samu 2.5. Da wannan gudun, fayil mai gigabait ɗaya zai sauka cikin kimanin minti 7. Kuma ba ƙaramin gudu ba ne ga gida: kiran bidiyo na cin Mbps 2 zuwa 3, kallon bidiyo mai kyan hoto kamar 5.

Na daren kuwa cunkoso ne. Ƙarfin turke ɗaya ake rabawa duk wanda ke ƙarƙashinsa, kamar famfon unguwa, da asuba bokitinka ya cika nan take, bayan Isha'i kowa ya buɗe nasa. Sayen sabuwar rauta ba ya maganin wannan. Hanyar tantancewa ita ce ka auna gudun da manhajar Speedtest bayan sallar Asuba, ka sake aunawa da ƙarfe tara na dare, kana tsaye kusa da rautar. In na safe ya yi kyau na dare ya faɗi, cunkoso ne, sai ka gwada sim ɗin wani kamfanin idan rautarka ba a kulle take ga layi ɗaya ba. In duk biyun ba su da kyau, sigina ce.

Kar ka dogara da sandunan nan huɗu ko biyar na jikin rauta. Buɗe burauza ka rubuta adireshin rautar, ka nemi shafin bayanan na'ura, za ka ga lambobi biyu, RSRP da SINR. Ta farko ƙarfin siginar ce, kuma da alamar ragi take zuwa: -80 ta yi kyau ƙwarai, -100 ta fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ta biyu tsabtar siginar ce: sama da 13 ta yi, ƙasa da 5 za ka riƙa ganin yankewa ko da sanduna cike suke. Ɗauki rautar ka zagaya da ita taga taga, kana jira minti ɗaya a kowane wuri kana duba lambobin. Matsar da ita mita biyu zuwa tagar da ke fuskantar turke kan canza lissafin gaba ɗaya. In ba a dace ba, kuma rautar na da ramukan eriya a baya, a sa eriyar waje a saman rufi, amma wayar eriyar ta zama gajera iya yadda zai yiwu, don kowace mita tana cinye wani abu daga siginar da aka kamo. Idan ka kai ƙorafi ga kamfani ba a kula ka ba, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, tana karɓar koke a lamba 622 kyauta.

Tambaya: Gidanmu babba ne, sassa huɗu. Rauta na falon maigida, amma sashen mahaifiyarmu da ke can ƙarshen tsakar gida, kamar mita 40, ba ya samun komai. An ba ni shawarar in sayi na'urar ƙara ƙarfin waifai. Zan dace? Daga wani mai karatu, Katsina.

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Na'urar nan da ake sakawa a soket, kamo waifai take yi ta sake watsawa, kuma da rediyo ɗaya take ji take magana, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi. Sannan in ka kai ta inda siginar ta riga ta mutu, babu abin da za ta kama. Tana da amfani ne kawai idan ɗaki ɗaya ne ya kasa samu, a sa ta a tsakiyar hanya.

Tazara ba ita ce babbar matsalar ba, abin da ke tsakani ne. Ƙofar katako da labule ba sa hana waifai wucewa sosai. Bangon bulo na rage shi, katangar ƙasa mai kauri ta fi ragewa, rufin kankare mai rodi da ƙofar ƙarfe da kwano kuwa kusan tare shi suke yi. Tankin ruwa ma haka. Shi ya sa kafin a kashe ko sisi, a fitar da rautar daga bayan talabijin ko cikin kabad, a ɗora ta sama da tsayin mutum, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida.

Amma ga mita 40 da bango uku ko huɗu, waya ce magani. A sayi kebul ɗin intanet Cat6, ko Cat5e in shi ya samu. Iyakar tsawonsa mita 100 ne a ja ɗaya, don haka kuna da sarari. Ku auna hanyar da zai bi ta jikin bango, ba tazarar miƙe ba, ku ƙara mita biyar. A wajen saye a kula: akwai mai arha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasa, ka bar shi, don yana karyewa a wurin lanƙwasa kuma ba ya jure nisa. Inda kebul zai ratsa tsakar gida a zura shi cikin bututun roba, a binne ko a kafe a jikin katanga, saboda rana na cinye rigarsa, ɓera kuma na son ta. Kada a ɗaure shi tare da wayar lantarki, a bar tazarar taƙi ɗaya aƙalla.

Cikin kebul akwai siraran wayoyi takwas, biyu biyu a murɗe. Ana matse musu kai mai suna RJ45 da filayar da aka yi don haka. Riƙe kan yadda harshensa ke kallon ƙasa, ka jera wayoyin daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Haka za a jera a duka bakin biyu. Kada a warware murɗin fiye da santimita ɗaya da ɗan kai, don murɗin ne ke kare saƙo daga hayaniyar lantarki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne waya ɗaya ta kasa kaiwa ƙarshen kan. Abin na iya yin aiki, amma gudun ya maƙale a Mbps 100 maimakon 1000, saboda 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, 1000 kuma sai takwas ɗin sun cika. Ƙaramar na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas tana nuna wacce ce ba ta shiga ba.

A sashen Hajiya sai a sa rauta ta biyu, irin mara sim. In tana da zaɓin Access Point a setinta, a kunna shi, an gama. In babu, a haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai tukuna, a canza adireshinta ya zama dangin na ta farko: in ta farko 192.168.8.1 ce, ta biyu ta zama 192.168.8.2, muddin lambar ba ta cikin waɗanda ta farko ke rabawa. Sannan a kashe DHCP ɗinta, wato mai raba adireshi, a soka kebul ɗin a ramin LAN, ba na WAN ba. Idan aka manta aka bar DHCP biyu a kunne, wasu wayoyin za su karɓi adireshi daga rautar da ba ta da hanyar fita waje, sai a ga waya ɗaya na aiki, ta kusa da ita ba ta yi. A ba su suna da kalmar sirri iri ɗaya don waya ta riƙa sauyawa da kanta, amma tashar ta bambanta: ɗaya a 1, ɗaya a 6 ko 11, don waɗannan ukun ne ba sa shiga juna.

Da damina, in hadari ya haɗo da tsawa, a zare kebul ɗin daga rautocin biyu. Doguwar waya tsakanin gini da gini tana ɗauko ƙarfin tsawa ko da ba a gidan ta faɗa ba, kuma ramin LAN ne ke fara ƙonewa.

Tambaya: Rautata na nuna suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshe. Ke nan ina da 5G? Daga wata ɗaliba, Bauchi.

Amsa: A'a, Malama. Wannan 5 GHz ne, ɗaya daga zangon rediyo biyu na waifai, ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya, wanda MTN ta fara a Najeriya a 2022. Mai 5 GHz ya fi gudu kuma ba cunkoso, amma ba ya ratsa bango sosai. Mai 2.4 GHz ya fi nisa, sai dai rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth duk a nan suke. In kina ɗaki ɗaya da rautar ki hau na 5, in kin yi nisa ki koma ɗayan.

Tambaya: Gigabait 100 nake sawa, amma ba ya kai mu mako biyu. Ina zargin yaran maƙwabta. Yaya zan gane? Daga wani magidanci, Kaduna.

Amsa: Alhaji, ganewa ba wuya. Shiga shafin rautar ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, ka ƙirga, ka kwatanta da na gidanka. Amma kafin a ɗauki alhakin yaran mutane, a yi lissafin talabijin. Kallon fim ta intanet na cin kimanin gigabait ɗaya a awa a matsakaicin hoto, har zuwa uku a HD, har bakwai a 4K. Awa uku kowane dare a HD gigabait tara ke nan, cikin kwana 11 an cinye 100 ba tare da kowa ya taɓa waya ba. Manhajojin kallo kuma da kansu suke ɗaga kyan hoto in sun ga gudu, sai ka shiga setinsu ka kafe shi a 480p ko 720p.

Sannan wayoyi da kwamfutoci ɗauka suke yi waifai kyauta ne. Duk abin da suka jinkirta a kan datar sim, da zarar sun hau waifai sai su saki: sabunta manhajoji, kwafe hotuna da bidiyo zuwa Google Photos ko iCloud, sauke duk bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp. A Android da Windows akwai wurin da za ka shaida wa na'urar cewa wannan waifai ɗin na awo ne, kalmar da za ka nema ita ce Metered. A iPhone kuma Low Data Mode.

In kuwa ka ga baƙuwar na'ura, canza kalmar sirri shi ne mataki na farko, mai harafi 12 ko fiye, ba lambar wayarka ko sunan ɗanka ba. Nau'in tsaron ya zama WPA2 ko WPA3. WEP tsohon yayi ne, ana fasa shi cikin mintoci. Kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Canza kalmar shiga shafin rautar ita ma, don da yawa da admin suke zuwa daga kamfani, kuma duk wanda ya hau waifai ɗinka zai iya shiga ya sauya abin da ya ga dama. Ka sani kuma ba sai an fasa ba: wayar Android tana nuna kalmar sirri a matsayin hoton QR, yaronka ya nuna wa abokinsa ya ɗauka, shi ke nan. Toshe na'ura da lambar shaidarta ta MAC ba ya daɗewa yanzu, don wayoyin zamani na iya sauya lambar. Abin da ya fi shi ne buɗe layin baƙi daban, wanda yawancin rautoci ke da shi, ka riƙa canza kalmarsa duk wata.

Tambaya: Da an ɗauke wuta intanet ya tafi. Zan iya haɗa rauta da fawa bank? Daga wani tela, Maraɗi.

Amsa: Za ka iya, amma fara karanta jikin cajar rautar. Yawanci za ka ga 12V 1A. Fawa bank bolt 5 yake bayarwa, don haka sai da wayar USB mai ɗaga wuta daga 5 zuwa 12, kuma ramin fawa bank ɗin ya zama mai ba da 2A. Ga lissafin: mai 20,000 mAh na ɗauke da kimanin wat-awa 74, bayan asarar juyi sai a ce 55. Rauta na cin wat 6 zuwa 8, ke nan awa bakwai zuwa tara, in batirin na gaskiya ne. Ƙaramin UPS na rauta ya fi, don yana zama tsakanin soket da rautar, in wuta ta tafi ba ta ma mutuwa balle ta sake neman turke.

Bolt dole ya yi daidai da abin da aka rubuta. Caja mai amfiya, wato lambar da ke tare da A, sama da wadda ake buƙata ba ta da illa, amma mai ƙasa da haka za ta sa rautar ta riƙa mutuwa tana tashi, musamman idan mutane sun yi yawa a kai. Kada a jona ta kai tsaye da batirin sola, don lokacin caji yana haura bolt 14. A sa ɗan na'urar daidaita wuta a tsakani. Mai MiFi kuma ya daina barin ta a caji dare da rana, batirin kumbura yake yi, balle a zafin bazara.

Tambaya: Na sa kyamarorin tsaro a shago. A cikin shagon ina gani a waya, amma daga gida ba na gani. Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Alhaji, layukan sim yawanci ba sa ba kowane mai rauta adireshinsa na kansa a intanet, mutane da yawa ake haɗawa a bayan adireshi ɗaya, don haka daga waje ba a iya ƙwanƙwasa ƙofarka kai tsaye. Duba adireshin WAN, wato wanda kamfani ya ba rautar, a shafin rautar: in ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, haka abin yake, kuma buɗe ƙofofi a setin rauta ba zai yi amfani ba. Nemi zaɓin P2P a akwatin kyamarorin, ka kunna, ka ɗauki hoton QR ɗinsa da manhajar kamfanin da ya ƙera shi. A nan akwatin ne ke fita da kansa ya sadu da wayarka. Haɗa shi da rauta ta kebul, ka tabbatar gudun ɗorawa ya kai kamar 2 Mbps ga kowace kyamarar da za ka kalla, ka kuma canza kalmar sirrin da ya zo da ita.

Tambaya: Makarantarmu a ƙauye take, babu sabis ko kaɗan. Starlink zai yi mana? Daga wani shugaban makaranta, jihar Jigawa.

Amsa: Zai yi, Malam, don intanet ne na taurarin ɗan'adam da ake kamowa da faranti, bai dogara da turke ba. Ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kuma taurarinsa na kewaya ne a nisan kimanin kilomita 550, ba kamar tsofaffin da ke kilomita 35,786 ba, shi ya sa kiran bidiyo ba ya jinkiri a kansa. Farantin na buƙatar sarari a buɗe. Reshen darbejiya ɗaya a gabansa ya isa ya riƙa yanke muku kira, kuma manhajarsa na da wurin duba wannan da kyamarar waya kafin a kafa. Ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci. Waifai ɗinsa kuma bango na tare shi kamar kowane, don haka ajujuwa masu nisa sai an ja musu kebul.

Wuta ce abin da za ku fi yi wa tanadi. Babban farantin na cin wat 50 zuwa 100, kusan ninki goma na rautar sim. In aka ɗauki 75 aka bar shi a kunne awa 24, kilowat-awa 1.8 ke nan kowace rana, ban da kwamfutoci da fitilu. In daga ƙarfe takwas zuwa biyu na rana kawai za a kunna, wat-awa 450 ne, kuma lokacin rana na kan faifan sola, don haka batirin da za ku saya ba sai babba ba.